Yadda Ake Kafa Asusun Ɗaukar Nauyin Ɗaliban Zanen Gine-gine, Daga Sakandare Har Zuwa Samun Hatimi

Duk ƙungiyar ci gaban gari ko ta tsofaffin ɗalibai da ta tashi ba da tallafin karatu, likita take fara nema, sai injiniya, sai lauya. Ba laifi. Amma ranar da aka tashi gina masallacin Juma'a ko ƙarin ajujuwan Islamiyya, sai ka ga an rasa ɗan gari ko ɗaya da zai zauna ya tsara ginin. Wani ya ɗauko hoton wani gini daga waya, a miƙa wa birkila, a zuba kankare, a rufa kwano. Bazara na zuwa ɗaki ya koma tanda, damina na zuwa ruwa ya kwanta a bakin ƙofa.

Zanen gine-gine na karanta, kuma na daɗe ina riƙe da takardun kwamitin ilimi na ƙungiyar garinmu. Yaron farko da muka ɗauki nauyinsa a wannan fanni, mu muka kayar da shi, ba shi ya faɗi ba. Muka biya masa kuɗin rajista, muka yi hoto da shi da mahaifinsa, muka ce mun gama. A aji biyu ya faɗi darasin situdiyo, wato darasin tsara gini, saboda ranar da za a gabatar da aiki ba shi da kuɗin buga zanensa, samfurin gininsa kuma da kwalin taliya ya haɗa shi. Kunya ta hana shi faɗa mana har sai da sakamako ya fito. Abin da zan zayyana a nan, daga wannan tuntuɓe muka koye shi.

Mataki na farko: ku auna tsawon hanyar kafin ku yi alkawari

Wannan karatu ba shekara 4 ba ne, ko da takardar shiga jami'a ta ce haka. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ana yin shekara 4 a sami digirin farko, sannan a ƙara 2 a yi na biyu, kuma wannan na biyun ba ado ba ne. Shi ne ke buɗe ƙofar rajistar sana'a. A jami'o'in fasaha irin su ta Minna da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, digirin farkon kansa shekara 5 ne. A ƙara shekarar bautar ƙasa. A ƙara aƙalla shekara 2 na aiki ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, sannan a zauna jarrabawar ƙwarewa. Sai an haye wannan ne hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ARCON, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 10 ta 1969, za ta saka sunan mutum a kundinta ta ba shi hatimi. Doka ba ta yarda kowa ya kira kansa akitek, wato ƙwararren mai zanen gine-gine, ba sai mai wannan rajista, kuma hatimin nan shi ne abin da hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suke dubawa a jikin taswira.

Idan kun haɗa lissafi, shekara 9 zuwa 10 ke nan, in babu yajin aiki. Yajin aiki kuwa ku sa shi a lissafi: a 2022 malaman jami'a sun rufe makarantu daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata 8 cur.

Akwai hanya ta biyu, ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna ko Nuhu Bamalli ta Zariya: ƙaramar difloma shekara 2, shekara guda ta sanin makamar aiki, babbar difloma shekara 2. Mai wannan takarda ƙwararre ne wajen fitar da zanen aiki da sa ido a wurin gini, ana kuma nemansa sosai, amma in yana son hatimin akitek sai ya sake bi ta jami'a. Ku gaya wa iyaye wannan tun da wuri. A Nijar kuwa, da yawa daga masu wannan sana'a a Lome ta Togo suka yi karatu, a makarantar EAMAU ta haɗin gwiwar ƙasashen da ke amfani da Faransanci, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar gasa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: kafin ku biya ko kwabo, ku tabbatar sashen da yaron zai shiga yana da amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa da kuma ta ARCON. Biyu ne, ba ɗaya ba. Ku rubuta wa shugaban sashen ku tambaya, ku ajiye amsar a fayil. Sashen Zariya shi ne mafi tsufa a Najeriya, tun zamanin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya a shekarun 1950, kafin a kafa jami'ar kanta a 1962, amma yanzu sassa sun yawaita, kuma ba kowane sabo ne ya gama cika sharuɗɗa ba.

Mataki na biyu: ku fitar da kasafi na gaskiya

Nan ne yawancin masu niyyar alheri suke zamewa. Ɗalibin tarihi ko na shari'a, in ka biya masa rajista da masauki da abinci da kuɗin littafi, ka ɗauke masa mafi yawan nauyi. Ɗalibin zanen gine-gine yana da wani rami daban da ba a gani a takardar kuɗin makaranta, sunansa situdiyo.

Situdiyo babban ɗaki ne da kowane aji yake da nasa, kuma shi ne zuciyar karatun. Ana ba ɗalibi aiki, a ce ya tsara gidan zama, ko ƙaramin asibiti, ko tashar mota. Ya je ya ga fili, ya ziyarci gine-gine irinsa, ya yi ta zane malami yana sokewa har makonni. A ƙarshe ya manna zanensa a bango, ya ajiye samfurin ginin da ya haɗa da kwali da gam a kan tebur, ya tsaya gaban malamai da baƙin ƙwararru ya kare aikinsa. Wannan zama shi ɗalibai ke kira juri. A yawancin makarantu, wanda ya faɗi situdiyon wannan aji ba zai ɗauki na gaba ba, wato shekara ta tafi.

Don haka kasafinku ya ƙunshi waɗannan, kowanne da layinsa: kuɗin rajista, masauki, ciyarwa ta wata-wata, kayan zane na shekarar farko, wato allon zane, dogon rula mai kai, kusurwoyi, rula mai sikeli, fensira da alƙaluman tawada, takardu manya masu girman A1 da A0, kwali da gam da wuƙar yanka na samfuri, kuɗin buga zane a kowane juri, kuɗin tafiyar nazari, data, sai kwamfuta.

Kwamfutar nan ku tsaya a kanta. Daga aji biyu zuwa uku aiki yana komawa kan manhajoji irin su AutoCAD da Revit da SketchUp, kuma kwamfutar buga wasiƙa ba za ta ja su ba. Ana buƙatar mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 16 da katin hoto na daban. Kada ku saya a aji ɗaya, lokacin da hannu ake zane, za ta tsufa a banza ko a sace ta a hostel. Kada kuma ku ba yaro kuɗin a hannu ya shiga kasuwa shi kaɗai. Ku haɗa shi da ɗalibin aji huɗu ko wani akitek su zaɓo tare, ko da ta hannu ce mai lafiya. Manhajar kuwa, kamfanin Autodesk, mai AutoCAD da Revit, yana ba ɗalibai lasisin kyauta na shekara-shekara in sun nuna shaidar makaranta, don haka ba sai an biya wannan ba.

Ba zan rubuta muku adadi da naira ba, domin tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, duk kasafin da aka rubuta a farkon shekara kafin ƙarshenta ya zama labari. Abin yi shi ne ku sami ɗalibai biyu ko uku da ke cikin sashen yanzu, ku zaunar da su, ku ce su lissafa muku abin da suka kashe a zangon da ya wuce. Ku ɗauki matsakaici, ku ƙara kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, ku sake wannan zama duk shekara. Sannan a takardar alkawari ku rubuta abubuwan da za ku biya, ba adadin kuɗi ba.

Idan jimillar kuɗin shekara ɗaya ta fito, ku ninka ta sau 6, wato shekarun digirin farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne kuɗin ɗalibi ɗaya. Yanzu ku dubi aljihunku. In ƙarfinku na mutum 2 ne, ku ɗauki 2. Na san za a sami mai cewa a raba wa yara 20 kowa ya ɗan samu, don a ji sunan ƙungiya a rediyo. Ku ba shi haƙuri. Yara 20 da aka yasar a aji uku ba su kai mutum ɗaya mai hatimi amfani ga gari ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na uku: ku ba asusun gida da tushe

Kuɗin tallafi ba ya zama a asusun shugaba, komai amanarsa. Mutuwa tana zuwa, magada kuma ba su san da zancen ba. Ku yi wa ƙungiyar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, ku buɗe asusun banki da sunanta, da masu sa hannu 3 wanda dole 2 su sa kafin kuɗi ya fita. Asusun tallafin karatu ya zama daban da na gyaran maƙabarta da na taron Sallah.

Daga ina kuɗin zai riƙa zuwa? Karo-karon shekara yana da kyau, amma yana bin yanayin kasuwa da zafin zuciyar mutane. Alkawarin shekara 6 yana son abin da ke haihuwa. Mu abin da ya cece mu hubusi ne: wani dattijo ya ba da shaguna biyu a bakin kasuwa, aka rubuta cewa kuɗin hayarsu na karatun 'ya'yan gari ne har abada. In kun sami irin wannan, ku rubuta shi gaban shaidu da magada tun mai shi yana da rai, ku kai takardar hukumar zakka da hubusi ta jiharku in akwai, kamar yadda Kano da Sakkwato suke da su. Zakka kuwa kada ku cakuɗa ta da sauran kuɗi. Tana da mutanenta da aka ambata, sai ku tambayi malamai yadda za a ba ɗalibi mabuƙaci ita ta hanyar da ta inganta.

Kada ku manta da 'yan siminti da 'yan rodi da 'yan kwangilar garinku. Su ne za su ci moriyar wannan yaro gobe, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa tunkararsu da maganar. Reshen jiha na Ƙungiyar Akitek ta Najeriya, NIA, wadda aka kafa tun 1960, shi ma ku kai masa ziyara. Ko ba su ba da kuɗi ba, za su ba ku mutum, mutum kuwa a wannan aiki ya fi kuɗi wuyar samu.

Tun 2024 akwai kuma rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, marar ruwa, wanda ke biyan kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa. Wasu kwamitoci suna cewa yaro ya ci wannan na rajista, su kuma su ɗauki situdiyo da kwamfuta. Dabara ce, amma bashi ne a wuyansa, don haka da saninsa da na iyayensa za a yi.

Mataki na huɗu: ku koma sakandare

In kun jira sai sakamakon JAMB ya fito sannan ku nemi wanda zai karanta zanen gine-gine, ba za ku samu ba, ko ku sami wanda ya nemi likitanci aka tura shi nan dole. Yawancin yaranmu ba su taɓa jin akwai irin wannan sana'a ba. Duk mai hular kwano a wurin gini injiniya ne a wurinsu.

Ku fara da ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kafin a raba su zuwa kimiyya da adabi, domin fannin yana buƙatar lissafi da fiziks da Turanci, sauran darussan kuma ku duba kundin JAMB na shekarar don jami'o'i sun ɗan bambanta. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku kawo akitek ɗaya da magini ɗaya su yi wa yara magana. Ba lacca ba. A ba kowane rukuni tef ɗin awo, a ce su auna ajinsu, su zana shi a takarda, kowace mita ɗaya ta zama santimita 2. A tambaye su: me ya sa wannan aji ya fi wancan zafi? Ina rana take faɗowa da la'asar? Da ku ne, ina za ku sa taga? Cikin awa biyu za ku ga yara uku ko huɗu da idonsu ya buɗe, suna gardama da juna a kan inda ƙofa ta dace. Ku rubuta sunayensu.

In da hali, ku mai da wannan shirin hutun dogon zango na mako guda. Kwana uku na zane da awo, kwana biyu na haɗa samfuri da kwali da kara, rana ɗaya a wurin gini na zamani, rana ɗaya a tsohon gini. Wanda ke kusa da Kano ya kai su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, na Katsina ya kai su Gobarau, na Damagaram ya zaga da su unguwar Birni. Makarantar da ke da darasin zanen fasaha amma babu alluna, ku saya mata alluna 10 da kayan aikinsu, a ajiye a hannun malamin da rasit. Wannan ƙaramin kuɗi ne da zai yi shekaru yana aiki. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da kwalejojin koyon sana'a na gwamnati wuraren farauta ne masu kyau.

'Yan mata kuma da gangan za ku neme su, in ba haka ba ba za su zo ba. Iyaye suna jin an ce gini sai su hango 'yarsu a kan tsani cikin lebura. Ku je gida ku yi bayani, ku tafi da mace mai wannan sana'a in kun samu. Ku ba su labarin Mariam Issoufou ta Nijar, wadda ta fara karanta kwamfuta ta dawo ta karanta zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014, kuma ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018. Ni a ganina ma, gidan Bahaushe da mace ke wuni a cikinsa, ita ta fi kowa sanin inda madafa ta takura da inda hayaƙi ke taruwa.

Mataki na biyar: zaɓe

Ku sanar a fili, a masallatai da makarantu da dandalin WhatsApp na gari, da sharuɗɗa da ranar rufewa. Kwamitin zaɓe ya zama mutum 5: akitek, malamin makaranta, mace ɗaya aƙalla, dattijon gari, da ma'aji. Wanda ɗansa ko ɗan ƙaninsa ya nema, ya fita daga ɗaki. Ku rubuta wannan doka tun kafin a san wa zai nema, don ranar da za a yi amfani da ita kada ta zama cin fuska.

Sakamakon jarrabawa shi ne ƙofa, amma ba shi ne ɗaki ba. Ku yi musu gwaji na awa biyu: kowa ya zana gidansu daga ka, kamar an cire rufi ana kallo daga sama, sannan ya nuna abu ɗaya da zai gyara da dalilinsa. Ba kyan zane kuke nema ba, ana koyon wannan. Kuna neman mai lura. Wata yarinya ta taɓa zana mana gidansu ta nuna cewa kwatar wanka tana bi ta gaban ɗakin kakarta, ta karkatar da ita ta bayan rumbu. Layukanta a karkace suke, amma ita muka ɗauka.

Bayan nan ku soki aikin kowa a gabansa, a hankali, ku ga yadda zai ɗauka. Wanda ya fusata ko ya rushe gaba ɗaya zai sha wuya a juri, inda za a yi shekara 6 ana yi masa haka. Daga ƙarshe mutum biyu su je gidan su ga hali da idonsu, su kuma ji ta bakin mahaifi da mahaifiya cewa sun yarda da tsawon tafiyar. Ga yarinya, ku yi maganar aure a fili: in ya zo a tsakiya, tallafi yana nan, kuma a gaya wa manemi tun wuri.

Mataki na shida: yarjejeniya da yadda kuɗi zai riƙa fita

Shafi biyu sun isa, da Hausa, ɗalibi da waliyyinsa da shugaban kwamiti su sa hannu. A rubuta abin da za a biya, da abin da ake so daga ɗalibi: sakamako duk zango, hotunan aikin situdiyo, da rahoto gajere.

Rajista a biya ta kai tsaye ta hanyar da makaranta ta tanada, a karɓi rasit. Ciyarwa ta shiga asusun ɗalibi a rana ɗaya tsayayya duk wata. Kuɗin juri kuwa a tura shi mako 2 kafin ranar, ba sai ya roƙa ba. Ku karɓi jadawalin zango tun farkonsa don ku san ranakun. Yaron kirki ba ya son yawan roƙo, zai gwammace ya yi shiru ya faɗi, kamar yadda namu ya yi.

Ku yanke hukunci tun yanzu a kan abu biyu. In an tafi yajin aiki, mu rage kuɗin ciyarwa muke yi zuwa rabi, mu tura yaron ofishin wani akitek ya riƙa zuwa. In ya faɗi situdiyo sau ɗaya, ba a korarsa, ana zama da shi da malaminsa a gano dalili. Sau biyu a jere ba tare da uzurin ciwo ko rasuwa ba, sai a sake duba maganar.

Kowane ɗalibi a haɗa shi da uban ɗaki a sana'ar, wanda zai kira shi ko sau ɗaya a wata, ya ga zanensa kafin juri, ya kuma samar masa wurin zaman sanin makamar aiki na SIWES. Wannan zama na watanni yana iya zama mafi amfani a duk karatun, yana kuma iya zama zaman sayo wa oga abinci. Bambancin yana ga wanda ya nema masa wurin.

Mataki na bakwai: ku tura shi wurin magina

Wannan ba ya cikin manhajar kowace jami'a yadda ya kamata, kuma shi ne abin da asusun gari zai iya yi wanda gwamnati ba za ta yi ba. Ku sa a yarjejeniya cewa hutu ɗaya a cikin shekarun karatu, na mako 4 zuwa 6, ɗalibi zai yi shi a hannun maginin gargajiya. Ku je ta wurin Sarkin Magina, da goro da girmamawa, ku kuma biya maginin ladan koyarwa kamar yadda za ku biya malamin jami'a. Ba alfarma yake yi muku ba, ilimi yake bayarwa.

Yaron ya cuɗa ƙasa da ƙafarsa, ya mulmula tubali, ya ga yadda ake jera azara a tanƙwara ta ta zama bakan gizo, yadda ake ɗaurin guga a rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya, yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓe, dalilin da ya sa indararo yake da tsawo, da abin da zanko yake yi a kan katanga ban da ado. Ya auna, ya zana, ya rubuta sunan kowane abu da Hausa yadda maginin ya faɗa. Kwafi ɗaya na ƙungiya, ɗaya na sashensu, ɗaya na maginin.

Masu cewa wannan koma-baya ne, ku tuna musu Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ginin da har yau masana daga ƙasashen waje suke zuwa nazarin bakunansa. Ku tuna musu Falke Barmu, magini kuma manomi, wanda masallacin ƙasa da ya fara ginawa a Yama ta jihar Tawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Ba cewa nake yi kowa ya koma gidan ƙasa ba. Cewa nake wanda ya san dalilin da ya sa soron kakansa yake da sanyi a watan Afrilu, ko da bulo da siminti zai yi gini, ba zai juya manyan tagogin gilashi yamma ba.

Mataki na takwas: kada ku sake shi a bakin gaɓa

Bayan digirin farko ne ake asarar mafi yawa. An yi walima, dangi sun ce ya gama, ƙannensa suna jiran ya fara kawowa, kuɗin digiri na biyu kuma ya fi na farko. Sai ya kama zanen taswira a bakin sakatariya yana kai wa wani ya buga masa hatimi a raba kuɗi, shekara goma yana nan. Don haka ne na ce ku ninka sau 6 tun farko. Ku ƙara da kuɗin rajistar jarrabawar ƙwarewa, ku kuma bi shi da tambaya har ya cike kundin aikinsa na shekara biyu.

In asusu ya yi ƙarfi, ku buɗe tallafin bincike na shekara guda ga wanda ya riga ya gama, ko ƙaramin malami a sashen. Ku ba shi tambaya ɗaya da ta dami gari: yaya za a gina ajin firamare da ba zai yi zafi ba da kuɗin da ƙaramar hukuma take kashewa yanzu? Yaya za a gyara rumfunan kasuwa don gobara ta daina cinye layi guda? A biya shi kashi uku, na ƙarshe sai ya kawo zane da lissafin kuɗi ya yi bayani da Hausa a gaban jama'a. Haka za ku iya yi wa masu karanta zanen masana'antu, irin sashen da ke Zariya mai koyar da yumɓu da saƙa da gilashi da zanen talla, ku haɗa su da marina da maginan tukwane.

Mai son fita waje, ba lallai ku biya masa ba, ku taimaka masa ya nema. A cikin tallafin karatu na ƙasashen waje, Chevening ta Birtaniya tana son wanda ya yi aikin shekara 2, akwai ta Commonwealth, akwai DAAD ta Jamus. Abin da ke kayar da yaranmu yawanci ƙanana ne: kuɗin fasfo, jarrabawar Turanci, da kundin ayyuka da ba a tsara shi da kyau ba. Waɗannan asusunku zai iya. Francis Kéré na ƙauyen Gando a Burkina Faso da tallafin koyon kafinta ya tafi Jamus a 1985, ya yi karatun dare, ya shiga jami'ar fasaha ta Balin, tun yana ɗalibi ya tara kuɗi ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya. Wanda ya sa hannu a takardar tallafin nan na kafinta bai san haka za ta kasance ba.

Mataki na tara: hisabi da ramawa

Duk shekara a taron ƙungiya, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna takardar a bango. Ɗaliban kuma su zo da zanensu da samfuransu a jera a zaure, kowa ya tsaya kusa da nasa. Alhajin da ya ba da kuɗi bai san sikeli ba, amma in ya ɗaga ƙaramin asibitin kwali ya leƙa ta tagarsa, baɗi ba sai an bi shi gida ba.

Ramawa kuma ba da kuɗi muke nema ba. Mun rubuta cewa wanda ya sami hatimi zai tsara wa gari ginin jama'a ɗaya kyauta, ya sa ido har a gama, zai koyar a shirin hutu na sakandare sau biyu, kuma zai zama uban ɗakin ɗalibi ɗaya na baya. Ku ajiye fayil ɗin kowa, da lambar waliyyinsa da ta uban ɗakinsa, a wuri biyu, ɗaya a takarda ɗaya a intanet, domin sakataren da ya ɗauki yaro a aji ɗaya da wuya ya zama shi ne a kujerar ranar da hatimin zai fito.